Cok da Gadun Gonar Yaya

Shekarar da na yi ritaya daga sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, a shekarar ce gadu ya addabi rogon yayana. Ni ina zaune a Gaya da iyalina, shi kuma yana Toranke, a gidan da aka haife mu, yana noman gonakin da mahaifinmu ya bari. Tun rasuwar mahaifiyarmu zuwana garin ya ragu. Sai suna, ko ta'aziyya, ko ranar sallah in je mu gaisa, kafin la'asar na hau babur na juyo. Ba wani abu ne ya shiga tsakaninmu ba. Aiki ne ya ɗauke ni, shi kuma ba mai yawan magana a waya ba ne, don kunnensa ɗaya ya yi nauyi.

Wata ranar kasuwa sai ga shi da kansa. Ya zauna a zaure, ya sha ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta yi aure a Kano. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, sannan ya ce:

"Bindigar nan taka tana nan, ko ka sayar?"

"Tana nan, Yaya. Bana ma na sabunta lasisinta."

"To ka ɗauko ta. Mugun dawa zai ƙarar da ni."

Haka yake kiran gadu, bai cika son ambaton sunansa ba. Ya ce wani tsoho ne guda ɗaya, mai manyan haure, yake fitowa daga kurmin da ke ƙasan fadama da hantsi, ya tone rogo ya ci, wanda bai ci ba ya bar shi a rana. Ya kafa mutum-mutumi, gadun ya ture shi. Ya rataya gwangwanaye, gadun ya saba da ƙararsu. Har bindigar toka ta mahaifinmu ya ɗauko ya ɗura, amma gonar fili ce fetal, babu maɓoya sai wata tsamiya, kuma daga tsamiyar zuwa bakin kurmin da nisa. Ya harba, hayaƙi ya turnuƙe shi, da ya washe sai ya hangi gadun yana tafiyarsa da jela a sama.

Bindigata mai baki ɗaya ce, ƙirar Turkiyya. A hannun wani abokin aiki na saya lokacin da aka yi masa canji, muka yi takardu yadda doka ta ce. Ban taɓa harbin abin da ya fi zabon daji da makwarwa da ita ba, su kuma da harsashi mai 'ya'ya ake harbinsu, wanda ke watsuwa. Na san irin wannan ba zai yi wa gadu komai ba daga nesa, sai dai ya raunata shi ya ƙara masa mugunta. Dole sai harsashi mai dunƙulen dalma guda ɗaya. Na ɗauki bindigar da takardunta na tafi Kano wurin wani dattijo mai lasisin sayar da kayan farauta.

Dattijon ya duba takarduna, ya ɗauko min harsashin iri biyu, mai jan kwanso da mai kore. Sai ya karɓi bindigar ya leƙa bakinta, ya sa wani ɗan makulli ya murɗa. Sai ga wani ɗan bututun ƙarfe ya fito daga bakin, tsawonsa kamar ɗan yatsa.

"Wannan shi ne cok," in ji shi.

Na yi dariya, don ni cok ɗin babur kawai na sani. Ya ce shi wannan aikinsa matse 'ya'yan harsashi kada su watse da wuri. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani irinsa, ya ce in ɗaga shi in kalli haske ta ciki. Na ga wasu layuka a murɗe a cikinsa kamar tufkar igiya.

"Wannan na dunƙule ne. In dalmar ta zo fita, layukan nan sai su juya ta, ta tafi tana juyi, ba ta karkacewa."

"Yana aiki kuwa, Alhaji?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Wata bindigar tana sonsa, wata ba ta so. Wani harsashin ya dace da shi, wani bai dace ba. Sai ka gwada ka gani."

Na saya. Mutumin da ya yi ritaya kuma ga waya a hannunsa, ka san sauran. Na shiga kallon bidiyon Turawa suna harbin takarda, wannan ya yabi cok ɗin, wancan ya ce asarar ƙarfe ne. Maiɗakina ta gaji da jin ƙarar bindiga daga ɗaki, ta leƙo ta ce, "Malam, yaƙin nan naka yaushe za a yi sulhu? Tuwo yana hucewa."

Ranar Asabar na ɗaure bindigar a buhu na nufi Toranke. Na sami Yaya a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na fito da cok ɗin na miƙa masa cike da alfahari. Ya juya shi, ya shinshina, ya leƙa.

"Me ka ce sunansa?"

"Cok."

"Cok? Wato in ta ƙi tashi da safe sai a ja mata?"

Matarsa tana daga tsakar gida ta fashe da dariya. Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, irin yadda nake yi wa manoma bayanin taki. Ya saurara da kunnensa mai ji, sannan ya girgiza kai.

"Kai dai ka ji. Bindiga mai tsawon ƙafar mutum ta kasa miƙar da harsashi, sai wannan ɗan yatsan ne zai miƙar?"

"Yaya, ka tuna katantanwar da muke murzawa muna yara? In tana juyi ai ba ta faɗuwa."

"Ƙwarai. Tana juyi, amma ba ta zuwa ko'ina."

Na ce to mu je mu gwada. Muka fara zuwa wurin mai unguwa muka sanar da shi, don kada a ji ƙara hankali ya tashi. Ya ce mu je busasshen kududdufin da ke bayan gari, inda ake ɗibar ƙasar gini, gaɓarsa tana da tsawo, duk abin da ya kuɓuce a can zai nutse. Ya sa aka gaya wa masu kiwo su kau da dabbobi daga wajen. Na sami babban kwali na zana da'ira da gawayi, girman faifai, muka jingine shi a gindin gaɓar. Yaya ya yi ta ja da baya yana waiwaye har ya tsaya, ya ce, "Nan. Haka nisan yake daga tsamiya zuwa kurmi."

Na fara da tsohon cok da harsashi mai jan kwanso. Ban san haka dunƙule yake dukan kafaɗa ba. Harbin farko sai da hulata ta faɗi. Na cije na ƙara biyu, muka taka muka duba. Ɗaya ya huda gefen da'ira, ɗaya yana can kusurwar kwali, na ukun ko alamarsa babu.

"Wannan ya tafi garin Balan gaisuwa," in ji Yaya.

Na kwance tsohon na ɗaura sabon. Yaya ya kawo buhun ƙaiƙayi ya ce in ɗora bakin bindigar a kai, don ta zauna daram. Na harba uku. Da muka je sai ga huda uku kusa da juna, tafin hannuna biyu sun rufe su. Amma duk suna sama ta hagu, a wajen da'irar.

"Ka gani!" na ce.

"Na gani. Babu ko ɗaya a ciki."

"Amma ai sun haɗa kai. In na san inda suke zuwa, sai in sauke hannu kaɗan in koma dama."

"Wato ka auna wani wuri don ka sami wani wuri. Wannan irin aikin ofis ne."

A daren nan maiɗakina ta gasa min kafaɗa da ruwan zafi, ta shafa man zafi, tana cewa gadun bai san ana yi ba, ni ne nake shan duka. Kafaɗar ta yi baƙi kamar an yi min ƙaho.

Harsashin dunƙule ba ya samuwa da sauƙi, don haka ba mu yi gaggawa ba. Kowace Asabar sai in je mu harba 'yan kaɗan. Muka gwada mai koren kwanso da sabon cok, abin ya ba ni kunya, ya fi watsewa a kan yadda mai ja ya yi da tsohon. Yaya ya ji daɗin wannan rana ƙwarai, har ya saya min rake. Muka koma kan mai ja. Wata Asabar kuma shi ma ya fara buɗewa, hudar nan tana nesa da waccan. Na kwance cok ɗin na leƙa, sai na ga dalma ta cike layukan, sun kusa shafewa. Na jiƙa shi a kananzir, na warware wayar tagulla na yi ta gogewa har layukan suka fito. Na ɗaura shi na matse sosai, harsasan suka koma haɗa kai.

Shi ma Yaya wata rana ya ce in ba shi ya taɓa. Na gaya masa ya sauke kaɗan ya koma dama. Ya ce shi ba a koya masa harbi. Amma na ga bakin bindigar ya yi ƙasa ya karkata yadda na faɗa, ya ja kunamar bindigar, harsashin ya faɗa cikin da'ira, kusa da tsakiya.

"To yanzu fa, Yaya?"

"Hannu ne."

Tun daga nan hukuncinsa ya zauna. In ya samu, hannu ne. In na samu, sa'a ce. In na kuskure, cok ne.

Gwajin kansa ba ya ɗaukar lokaci. Sauran yinin a gindin tsamiyar gona muke yinsa. Matarsa takan aiko da dambun zogale da fura, mu ci mu kishingiɗa. A nan na ji labaran mahaifinmu da ban taɓa ji ba, don ina makarantar kwana lokacin. Ashe shi ma ya taɓa bin wata barewa tun daga fadamar nan har kusa da Kademi, ya dawo da ƙaya a ƙafa babu barewa, ya ce wa mahaifiyarmu ziyara ya je. Yaya yana ba da labarin yana kwaikwayon tafiyarsa, na yi dariya har hawaye. Na lura kuma gemunsa ya yi fari fat, in zai tashi sai ya dafa ƙasa. Ban san yaushe hakan ta faru ba.

Duk wannan lokaci gadu yana cin rogonsa. Matar Yaya ce ta tsawatar mana. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ku biyun nan, kwali kuka zo kashewa ko mugun dawa? Kwalayen garin nan sun ƙare."

Sai na fara kwana a Toranke. Muka kafa ɗan zana a gindin tsamiya, muka huda wurin leƙe, muka ajiye buhun ƙaiƙayin. Bayan sallar asuba mu tafi mu zauna, idanunmu a bakin kurmi. Safiyar farko babu komai sai tsuntsaye. Haka ta biyun. Yaya ya ce iska ce take kai wa mugun dawa warinmu, ya hana ni shafa turare, har sabulun wanka ya so ya hana.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya ɗaga, na ɗora bindiga a kan buhu ina ta maimaitawa a zuciyata, ƙasa kaɗan, dama kaɗan. Yaya yana gefena yana gyangyaɗi. Sai na ji wani gurnani da ƙarar tonon ƙasa, ba daga kurmi ba, daga hannun damana. Na juya kai a hankali.

Ga shi nan. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana turbuɗa hanci a gindin rogo. Kusancinsa har ina ganin ƙudajen da ke bayansa, da busasshen taɓon da ya manne masa, da haurensa ɗaya da ya gutsure. Ashe ya cinye rogon can bakin kurmi tas, wanda ya rage sai na kusa da tsamiya, shi ya sa ya zagayo ta cikin ciyawa.

Na taɓa Yaya da gwiwar hannu. Ya buɗe ido, ya bi inda nake kallo. Na janye bindigar daga kan buhu, na juya ta a hankali. Na kusa saukewa in koma dama, sai na tuna ai a wannan kusanci babu wani lissafi. Na auna bayan kafaɗarsa na yi bisimilla na ja.

Ya zabura da jela a sama, ya ruga kamar ba a taɓa shi ba. Na ce shi ke nan, na kuskure. Bai kai ƙarshen kunya ba ya kife, ya shure ƙafa, ya yi shiru.

Yaya ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa ƙasa ba. "Allahu Akbar! Ƙanena! Allahu Akbar!" Ya rungume ni, abin da bai yi ba tun ranar aurena. Muka jira kaɗan, sannan muka matsa. Tsoho ne sosai, duk jikinsa tabo. Na tsaya a kansa na ji wani ɗan tausayi, ga kuma rogon da ya tone a warwatse, abincin gida guda.

Da murna ta lafa, Yaya ya kalli tsamiya, ya kalli inda gadun ya durƙusa, ya sake kallon tsamiya.

"Daga nan zuwa nan," ya ce, "ko da fartanya na jefe shi zan samu."

"Yaya, ai dai ya faɗi."

"Ya faɗi. Amma cok ɗinka bai yi shaida ba."

Gaskiya ya faɗa. Duk dukan da kafaɗata ta sha don nesa ne, gadun kuma ya kawo kansa har gindin zana.

Mu ba ma cin namansa. Mai unguwa ya aika wa wasu baƙi da ke haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye kusa, suka zo da a-kori-kura suna ta murna, suka ɗauke shi. Suka cire hauren mai kyau suka bar wa Yaya. Garin ya cika da labari. Kafin magariba na ji wani yana cewa daga bakin kasuwa na harbo shi.

Bayan 'yan makonni Yaya ya yi min waya da kansa, yana ihu kamar yadda ya saba, wai zabin daji sun sauka a gonar gyaɗa. Maiɗakina tana ji ta ce wannan karon ita ma a kawo mata nata rabon, tunda na gadu bai zo gida ba. Tun kafin in fita ta fara daka kayan yaji. Na ɗauko makulli zan kwance cok mai layi in mayar da tsohon, ya ƙi motsi. Na danne bindigar da ƙafa na murɗa da ƙarfi, ko gezau. Ashe kowane harbi ƙara ɗaure shi yake yi, ga shi ban sa masa mai ba. Na ce ai ba komai, baki dai baki ne, na ɗauki harsashi mai 'ya'ya na tafi.

Muka sami zabin sun yi garke a gefen gyaɗa, sun haɗa kai suna tono. Muka laɓaɓa ta bayan wani suri har muka yi kusa. Irin harbin da ko makaho zai kwashi biyu. Na auna tsakiyarsu na saki.

Ƙura ta tashi ta hagu, ta tashi ta dama, ganye ya zubo daga wata sabara. Zabin kuwa suka tashi gaba ɗayansu suna kuka, ko gashi ɗaya bai faɗo ba.

Yaya ya kalle ni. Ya kalli sama inda suka bi. Sai ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe ciki. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, in ya ɗago zai yi magana sai ta sake ƙwace masa. Da ƙyar ya ce, "Yau kam... yau cok ya yi shaida."

Ni ma dariyar nake yi, amma na so in san dalili. Muka koma kududdufi da kwali na ƙarshe, na harba masa mai 'ya'ya daga kusa. Sai ga huda sun zagaye gefe-gefe kamar awarwaro, tsakiya wayam. Juyin nan da yake miƙar da dunƙule, shi ne yake watsa 'ya'ya. Wato duk zabon da na auna shi ne ya fi kowa tsira.

Matar Yaya ta ji labari ta tausaya min. Ta sa aka kama ɗaya daga cikin zabinta na gida, Yaya ya yanka, ta fige shi ta naɗe a leda. Da zan hau babur Yaya ya matso ya ce, "Ka ce mata kai ka harbo. Ni ba zan tona ba."

Na isa Gaya na miƙa wa maiɗakina ledar. Ta zauna a tsakar gida tana gyarawa, ni kuma ina alwala ina satar kallonta. Ta juya zabon, ta shafa ƙirjinsa, ta buɗe fiffike.

"Malam."

"Na'am."

"Tunda nake gyara maka zabi, sai na tsinci dalma a ciki. Wannan ko ƙwarzane babu. Ga kitse kamar wanda ake ba dawa."

"Tsoro ne ya kashe shi," na ce.

Ta ajiye wuƙa ta dube ni, ni kuma na kasa riƙewa. Na ba ta labarin tun daga suri har kwali, ta yi dariya har ta kira 'yarmu ta Kano a waya ta maimaita mata. Farfesun ya yi daɗi.

Washegari na kai bindigar wurin wani bakanike da na yarda da shi. Ya tsiyaya mai a bakin ya bar ta ta jiƙa, sannan ya naɗe ta da tsumma ya danne ta a kan maƙera ya murɗa, cok ɗin ya fito yana ƙara. Ya ce nan gaba in riƙa shafa masa giris kafin in ɗaura, in kuma riƙa sassauta shi bayan harbi.

Rogon da ya rage ya yi kyau a shekarar, Yaya ya aiko mana da buhu. Da damina ta zagayo ya yanka min wani yanki a gefen tsamiyar, ya ce tunda na iya gaya wa mutane yadda ake noma, in zo in nuna masa. Na shuka gyaɗa da wake. Yanzu kusan kowane mako ina Toranke, wani lokacin har da maiɗakina, ita da matar Yaya su shige ɗaki da hirarsu, mu kuma mu tafi gona. Gyaɗata ta bana ta fi tasa cika. Ya zagaya ya duba, ya tuge gindi ɗaya ya ƙirga 'ya'yan da ido, ya ce ƙasar wajen ce mai kyau.